Yadda ake raba tafki da kainuwa mai fure, mataki bayan mataki

Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa daga masu garka, masunta da masu kiwon kifi na jihar Maradi: idan mutum ya wayi gari ya ga wata ciyawa mai fure shuɗi-shuɗi tana yawo a kan tafkin garinsu, ko a kududdufin bayan gari, ko a ramin kifinsa, da me zai fara? Ciyawar da ake nufi ita ce wadda masu Faransanci suke kira jasant, wadda ta addabi masunta da matuƙa jirgi a Kogin Kwara daga Yamai har zuwa Gaya. A nan za mu kira ta kainuwa mai fure, domin a bambanta ta da kainuwarmu ta gado. Hausawa sun ce kainuwa dashen Allah ce, amma wannan dashen mutum ce, don asalinta yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma kyan furenta ne ya sa aka riƙa ɗaukar ta ana zubawa a ruwayen ado na gidaje da lambuna har ta kuɓuce ta shiga koguna.

Aikin cire ta yana da tsari, kuma wanda ya tsallake mataki ya fara da fizga, sau da yawa dasa ta yake yi a sabon wuri ba tare da ya sani ba.

1. A tabbatar da wace ciyawa ce

A ɗauko tushe guda a sa a cikin bokiti a duba shi da kyau. Kainuwa mai fure ganyenta kore ne shar, mai kauri da sheƙi kamar an shafa masa mai, kuma sandar ganyen tana da kumburi kamar ƙaramin gora. Idan aka tsaga kumburin za a ga cikinsa kamar soso, shi ne yake hana ta nutsewa. Saiwarta baƙa ce mai yawan gashi, tana reto a cikin ruwa ba ta kama ƙasa. Furenta yana fitowa a jere a kan sanda guda, kowane fure da ɓangare shida, na saman yana da ɗigon rawaya a tsakiya. A wurin da ta yi cunkoso kumburin yakan ɓace, sandar ta miƙe har ta kai kusan mita guda, abin da yake sa wasu su zaci wata ciyawa ce dabam.

Kainuwar gado kuwa ganyenta fari-farin kore ne mai laushi da gashi-gashi, a tattare kamar kan salati, ba ta da doguwar sanda. Ita ma idan ta yi yawa tana rufe ruwa, kuma duk matakan da ke ƙasa suna aiki a kanta. Akwai ta uku da ya kamata masu sayar da furanni su sani, ana kiranta salbiniya, ƙananan ganye bibbiyu masu gashi a sama, asalinta Barazil. Ita ce ta fara mamaye tafkin Kariba, da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, a 1959, ta kuma bayyana a ƙarshen kogin Senegal a 1999.

A kula: kada a taɓa bado. Bado saiwarsa a cikin laka take, ganyensa a kwance yake a kan ruwa, ɗan gida ne, ana cin sa, kuma ƙananan kifaye suna fakewa a ƙarƙashinsa. Kuskure ne da 'yan gayya suke yi idan aiki ya yi zafi, su share duk wani koren abu da suka gani.

2. A sanar da masu ruwan

Ruwa ba ya rasa mai shi. Kafin a sa ƙafa a ciki a gaya wa maigari ko mai unguwa, a gaya wa sarkin ruwa inda akwai shi, a kuma kai tushen nan da aka ɗauko, a cikin leda a ɗaure, wa ma'aikatan muhalli da gandun daji na ƙaramar hukumar. Wannan ya fi zama wajibi idan ruwan yana da haɗi da Gulbin Maradi ko Gulbin Gabi, ko kuma yana kusa da tafkin Madarunfa, wanda tun 2019 yake cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare dausayoyi, ta ba muhimmanci. Makiyaya ma a sanar da su ranar aiki, saboda ruwan zai gurɓace da laka na kwana ɗaya ko biyu.

3. A auna, a zaɓi lokaci

A zagaya bakin ruwan da taku a ƙiyasta tsawo da faɗin wurin da ciyawar ta rufe. Sannan a yanki murabba'in mita guda daga inda ta fi cunkoso, a zuba a buhu, a ɗora a sikeli. Wannan ɗan awon shi ne zai gaya muku gaskiyar aikin da ke gabanku. A ce an sami kilo 20, kuma tabarmar ciyawar tana da tsawon mita 50 da faɗin mita 20: murabba'in mita 1,000 ke nan, wato tan 20 na ɗanyar ciyawa. Idan amalanke tana ɗaukar kilo 500, sahu 40 ake magana. Mutane da yawa suna kiran gayyar yini guda a kan aikin kwana biyar saboda ba su yi wannan lissafi ba, a tashi a bar rabi, rabin kuma ya maido da abin da aka cire.

Dalilin gaggawa yana cikin yadda take haihuwa. Kowane tushe yana miƙa jijiya a kan ruwa, 'ya'ya su tsiro a jikinta, su ma su miƙa nasu, kuma idan akwai zafi da ruwa mai taki tana iya ninka yawanta cikin kamar mako biyu. A wannan lissafi, tushe ɗaya ya zama 64 cikin mako 12, ya wuce 1,000 cikin mako 20. Saboda haka idan ƙanana ne aka gani, tushe goma ko ashirin, ba a jiran wani lokaci, a kwashe su a ranar.

Idan kuwa ta riga ta yi tabarma, lokacin da ya fi dacewa a ƙasarmu shi ne daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, Fabrairu zuwa Mayu, sa'ad da ruwa ya ja baya, mashigai da mafitai suka ƙafe, mutane kuma ba su shiga aikin gona ba. Aiki a tsakiyar damina ɓarna ne, domin ruwa mai gudu zai kwashi guntaye ya kai su gaba.

4. Kayan aiki da kuɗin da za su ci

Abin da ake bukata mafi yawansa yana cikin gari: manjagara mai dogon ƙota, cokalin kwasar ciyawa ko sanda mai ƙugiya, adda da lauje, igiya mai ƙarfi wadda ta fi faɗin ruwan tsawo, bido-bido na roba da babu komai a ciki, tsohuwar koma ko taru, rariya ko gidan sauro da ya tsufa, buhuna, baro da amalanke. Idan ruwan ya wuce ƙugu sai an sami jirgi da masunta biyu da suka san wurin. Abin da ake saye sabo shi ne takalman roba dogaye, safar hannu ta roba da sabulu.

Kafin a tara kuɗi a je kasuwa a ji farashin ranar, a rubuta. Abubuwa uku ne suke cinye kuɗin: abincin 'yan gayya, hayar amalanke, da takalma. Hayar amalanke tana raguwa ƙwarai idan an bi mataki na 8 yadda ya kamata. Shawarar da na fi nanatawa ita ce a ware kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tara a ajiye domin bibiya. Idan ƙungiya ta tara jika 90, to jika 60 ne na gayya, jika 30 kuma na wanda zai riƙa zagaya ruwan bayan kowa ya watse. Ƙungiyar da ta kashe kuɗinta kaf a ranar farko, da kiɗa da fura da goro, takan sake tara wasu bayan wata uku.

5. A killace kafin a taɓa ta

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin. A ɗaura bido a jikin igiya, kowane taku biyu guda, a rataya tsohuwar koma a ƙarƙashinta ta sauka kamar kamu ɗaya cikin ruwa, a sa 'yan duwatsu a gefen ƙasa don ta tsaya. Da farko a toshe duk wata mafita: magudana, ƙorama, bakin gada, da hanyar da ruwa yake bi zuwa garake. A ɗaure rariya a bakin tiyon kowane injin ban ruwa. Sannan a ja igiya ta biyu a kewaye tabarmar ta ɓangaren ruwa, a kafa turaku a bakin gaɓa biyu a ɗaure.

A yi amfani da iska maimakon a yi faɗa da ita. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ciyawa mai yawo takan taru da kanta a gaɓar kudu maso yamma. A nan ya kamata a buɗe wurin fitarwa, matuƙar gaɓar tana da gangara mai sauƙi da ƙasa mai tauri da amalanke za ta iya zuwa.

Gargaɗi: tabarmar nan tana kama da ƙasa, amma ba ta ɗaukar mutum. Wanda ya taka ya rufta, ciyawar tana rufewa a kansa. A hana yara kusantar wurin, musamman a kududdufin da aka haƙa don yin tubali, wanda yake da ramuka masu zurfi da ba a gani.

6. Fitar da ita

A raba mutane gida uku. Na cikin jirgi su yanki tabarmar da adda gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kamar faɗin tabarmar kwana biyu, su zagaya ta da igiya. Na bakin ruwa su ja igiyar a hankali har gunduwar ta iso gaɓa, su ɗaga ta da manjagara da cokali. Na uku su kwashe da baro zuwa wurin shanya. A fara daga gefen da yake fuskantar buɗaɗɗen ruwa a riƙa matsowa gaɓa, kuma duk lokacin da aka ci wani yanki a matso da igiyar killacewa, don wurin da aka share ya kasance a bayan shinge.

Yanka ya tsaya iyakar raba gunduwa. Kada a daddatsa ta a cikin ruwa da tunanin an kashe ta, domin duk guntun da ya tafi da idon tsiro sabon tushe ne. A ɗaga ta da saiwarta gaba ɗaya. Idan tana da fure ko ta fara 'ya'ya, a sa mutum ɗaya ya riƙa yanke sandunan furen yana zubawa a buhu dabam, za a ƙone su daga baya.

Gargaɗi a kan lafiya: saiwar wannan ciyawa matattarar ƙananan katantanwa ce, waɗanda suke ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma ƙwayar ta fi fitowa cikin ruwa da tsakar rana. A yi aikin shiga ruwa da sassafe, a fito kafin rana ta take, kowa ya yi wanka da sabulu da ruwan rijiya ko na famfo. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wasu makonni ya je likita, akwai maganinta, firazikwantel. Ruwan jikin ciyawar yana sa ƙaiƙayi, shi ya sa ake sa safar hannu. Macizai ma suna kwanciya a cikinta, don haka a bugi kowace gunduwa da sanda kafin a kai hannu.

Akwai masu tambaya ko ba za a fesa maganin ciyawa a huta ba. A ruwan da dabbobi suke sha, ake wanki, ake ban ruwan tumatir da albasa, ban ba da wannan shawara ba ko kaɗan. Ko da maganin ya kashe ta, tan-tan na mataccen ganye zai nutse ya ruɓe a ƙasan ruwan, ruɓewar ta cinye iskar oksijin da kifi yake shaƙa, a wayi gari karfasa tana yawo ciki sama. Ƙwarin da ake saki su ci ciyawar, irin waɗanda aka yi amfani da su a ƙasar Benin da tafkin Biktoriya a shekarun 1990, suna aiki, amma sha'anin hukuma da masu bincike ne, kuma suna ɗaukar shekaru kafin a ga tasirinsu.

7. Tsince ragowa

Bayan an fitar da manya, a bar ruwan ya kwanta zuwa washegari. Sai mutum biyu su riƙe gidan sauro ta gefe biyu su tace saman ruwan, wasu kuma su bi gaɓa da ƙafa suna duba cikin ciyayi, gindin itatuwa da sawun shanu, inda ƙananan tushe suke maƙalewa a laka. Aiki ne mai gundura, ba ya tara 'yan kallo, amma kada a kwance igiyar killacewa sai an yi shi sau biyu.

8. Shanya da zubarwa

Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyin wannan ciyawa ruwa ne. Ma'ana, kilo 100 na ɗanya bai wuce kamar kilo 5 ba idan ta bushe ƙarau. Don haka ɗora ta a amalanke tana ɗanya biyan kuɗin dakon ruwa ne. A baza ta a kan tudu mai tauri, shimfiɗa mara kauri, a riƙa juyawa kowace rana. A zafin bazarar Maradi 'yan kwanaki sun isa ta yi yaushi ta ragu sosai.

Wurin shanya ya kasance sama da iyakar da ruwa yake kaiwa a shekarar da damina ta yi albarka, kuma ba a cikin hanyar ruwa ba. Tsofaffin gari sun san wannan iyaka, a tambaye su. Tsibin da aka tara a bakin ruwa samansa ne kawai yake bushewa, cikinsa yana nan da rai da danshi, ruwan farko ko garken shanu ya maida shi inda ya fito. Abin da ba za a yi taki da shi ba, tare da buhunan fure, a ƙone idan ya bushe, ko a binne a rami mai zurfi nesa da fadama.

9. Yin taki da ita

Wanda yake da garka zai iya maido da wani abu daga wahalarsa. A daddatsa yausasshiyar ciyawar a kan tudu, a haƙa rami ko a yi tsibi, a riƙa jerawa: shimfiɗar ciyawa kamar taƙi guda, sai kashin dabbobi, sai ɗan toka, sai karan gero ko dawa da aka farfasa don iska ta riƙa shiga. A yayyafa ruwa ya yi danshi, a rufe da tsohuwar tabarma ko buhuna. A juya shi duk mako biyu. Idan aka soka sanda a ciki aka zaro ta da zafi, aiki yana tafiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasa.

A kula da abu biyu. Na farko, wannan ciyawa tana tsotse dattin ruwa har da gubar ƙarfe, don haka wadda aka ciro daga kududdufin da ruwan kwata, na majema, na marina ko na garejin mota yake zuba a ciki, ba ta dace da takin kayan miya ba, ba ta kuma dace da dabba ba. Na biyu, kada a kai takin zuwa gonar da ruwanta yake malalewa cikin tafki, saboda ƙwayar irin da ta tsira daga zafin tsibin. Batun ciyar da dabbobi kuwa, ba abinci ba ce mai ƙosarwa, tana ƙaiƙayin baki, sai dai a haɗa kaɗan da harawa ko dusa bayan ta yi yaushi. Kuma kada ribar taki ta sa wani ya ce a bar ɗan iri a gefe domin baɗi.

10. A wanke kayan aiki

Jirgi, koma, igiya, takalma da ƙafafun amalanke duk a duba su a tsince, a wanke a kan tudu, a shanya su bushe sarai kafin a kai su wani ruwan. Masunta da suke yawo daga tafki zuwa tafki, da masu sayo 'ya'yan kifi daga nesa a cikin bido, su ne suka fi bukatar wannan ɗabi'a: ruwan da aka kawo kifi a ciki a tace shi a zubar a ƙasa busasshiya.

Haka nan mai gida ko mai otel da ya sa ta a kwatarniya ko a ɗan tafkin siminti don ado. Idan ta yi yawa, ba a zubar da ita a kwata ko a bola, domin ruwan Agusta yana wanke titunan Maradi ya gangara da komai zuwa gulbi. A shanya ta a kan siminti ta bushe a ƙone, a maye gurbinta da bado, wanda shi ma furensa ba baya ba ne wajen kyau. Masu sayar da dashen furanni a bakin hanya su daina karɓar ta ko da kyauta aka ba su.

11. Bibiya

A naɗa mutum ɗaya ko biyu da sunansu, a ba su ɗan abin hasafi daga kuɗin da aka ware, su riƙa zagaya ruwan sau ɗaya a mako na wata uku na farko, daga nan sau biyu a wata. Bokiti da manjagara sun ishe su. Su rubuta ranar da suka zagaya da adadin tushen da suka samu a littafi. Idan adadin yana hawa maimakon sauka, akwai inda take shigowa, a nemo shi.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne makonnin farko bayan ruwa ya dawo. Irin da furen wannan ciyawa yake zubarwa yana nutsewa ya kwanta a laka, yana iya yin shekara 15 zuwa 20 da ransa, kuma abin da yake tashinsa shi ne laka ta bushe ta sha rana, sannan ruwa mara zurfi ya rufe ta. Wannan kuwa shi ne halin yawancin tafkunanmu kowace shekara. Tafki ya ƙafe ƙurmus a watan Afrilu, mutane su ce an rabu da ita, a watan Yuli sai ga 'yan tsirrai a gefen laka. Sabon tsiro ba ya kama da uwarsa: ganyensa siriri ne kamar na ciyawar gona, kuma a laka yake kafe kafin ya yi kumburi ya tashi ya fara yawo. A wannan matakin yaro ma zai iya tuge shi da hannu.

A cikin bibiyar ne kuma za a duba abin da yake ciyar da ita. Ruwan kwata, kashin dabbobi da takin zamani da ruwa yake wankowa daga garake su ne suke sa ta ninka da sauri. A matsar da juji da turken dabbobi daga gaɓa, a haƙa ramin tsotse ruwan wanka a gidajen da suke kusa, a bar ɗan zirin ciyawa tsakanin garka da bakin ruwa, a kuma daina zuba taki a ranar da hadari ya haɗu. Igiyar da aka toshe mafita da ita a bar ta a wurin har damina ta wuce, a riƙa duba ta bayan kowane ruwa mai ƙarfi, a ɗinke inda komar ta yage.